Jar Sakata a Keji na Huɗu

Quebrada Seca, 27 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga Dakta Marielos Quirós,

Ranki ya daɗe, gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kina lafiya, da aikin jami'a, da tsohuwarki mai fama da ƙafa. Mu nan lafiya lau, sai zafi, ruwa bai sauka ba tukuna.

Bayan haka, ga abin da na gani jiya Jumma'a da safe. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu na tsaya.

Na isa wurin kejinmu goma sha biyu ƙarfe shida saura kwata, kamar kullum. Dakta, sun fito. Cicarar nan, ƙwarin nan masu ƙara a kan itatuwa, da muka zuba ƙwansu shekara biyar da suka wuce, muka binne kwano muka kewaye su ta ƙasa, muka rufe da raga ta sama, don mu san shekara nawa suke yi a cikin ƙasa suna tsotson saiwa, sun fito. Keji tara na wajen rana duk sun cika. Uku na cikin inuwa ne kawai shiru. A keji na huɗu na ƙirga goma sha bakwai maƙale da raga, farare fat, masu taushi kamar sabon cuku, fukafukansu a naɗe. Wata tana tsakiyar fita daga ɓawonta, bayan ya tsage, ta yi rigingine tana lilo. Na durƙusa ina kallonta, ban san daɗewar da na yi ba.

Sai na tuna kwalaben da zan adana su a ciki suna ofis. Shekara huɗu ina yawo da su a jaka, bana ne na gaji na ajiye. Tafiya da dawowa minti arba'in.

Tun daga bakin rafi na ji hayaniyar tsuntsayen urraka. Garken nan ne na gindin itacen gwapinol, su tara, da babbarsu mai jan zobe a ƙafa wadda muke kira Magajiya. Na laɓe bayan itace. Keji takwas ƙofofinsu a wangale, tsuntsaye suna shiga suna fita, doguwar wutsiyarsu na jan ƙasa. Na huɗu ne ya rage a rufe. Ina kallo Magajiya ta sauka a kansa, ta ta da tukkunta, ta karkata kai ta duba da ido ɗaya, ta duba da ɗayan. Ta buɗe ƙofar. Ba ta shiga ba, sai ta koma gefe, ƙanana uku suka fara shiga, sannan ita.

Da na yi ihu da na ceci wannan kejin. Ban yi ba. Shekara shida kuna koya mini in na ga sabon abu in tsaya in kalla tukuna, ƙafata ta saba. Kafin hankalina ya dawo sun gama. Ba su bar ko ɗaya ba, sai ɓawo da fukafukai a ƙasa.

Na gaya wa Don Fulvio tunda shi ke kula da tashar bincikenmu. Ya ajiye kofin kofinsa ya tambaye ni ko tsuntsuwar ta yi sallama kafin ta shiga. Doña Chepa mai dafa mana abinci tana gasa waina a madafa, ita ba ta yi dariya ba, ta ce urrakar da ta iya buɗe tukunyar cukunta me zai gagare ta.

Na rufe ukun da suka rage da kyau. Na tattara ɓawon, kowane keji da takardarsa. Ban san yadda zan ba ki haƙuri ba, shi ya sa na faɗi abin yadda ya faru kawai.

A gaida mutanen gida. Allah ya ƙara girma.

Naki mai biyayya,
Olman Matarrita

*

San José, 2 ga Mayu

Olman,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso ta hannun direban bas. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Tsohuwa tana nan yadda ka sani, na gode da tambaya.

Bari in faɗa maka inda muke, ba tare da kwana-kwana ba. Ɓawo ba ya nuna irin cicara. Iri biyun da ke dajinmu ɓawonsu ɗaya ne, sai an sami babba a kwalba ake rarrabe su. Kuma ƙofa in ta kasance a buɗe, duk wanda zai duba aikinmu zai ce na waje ne suka hau suka shiga. Ke nan shekara biyar ba ta ba mu amsa ba. Shekarata hamsin da takwas. Ba na jin zan sake zuba ƙwai in jira wasu biyar.

Yanzu maganar tsuntsuwa. Na san urraka na da wayo, dangin hankaka ce. Amma ni da hannuna na ɗaure ƙofofin nan da waya, na murɗa kowace sau uku da filaya, kana tsaye kana riƙe mini. Ni kaina sai da filaya nake kwance su. Bakin tsuntsu ba ya kwance wannan. Na kwana uku ina juya zancen, ban sami hanyar da zai yiwu ba.

Don Fulvio ya buga mini waya. Ya ce ranar Alhamis an gan ka a bikin hawan bijimai a gari, kuma a ganinsa ka duba kejin da yamma cikin gaggawa, ka bar su a buɗe, ka dawo da safe da ciwon kai ka ɗora wa tsuntsaye. Ban ce ka yi ƙarya ba. A shekara shida ban taɓa kama ka da lamba ɗaya ta ƙarya a littafi ba. Amma ban ce na yarda ba, domin aikina bai ba ni izinin yarda da abin da mutum ɗaya ya gani, alhali hankali ya ƙi shi.

Ranar 25 ga wata zan miƙa rahoto ga kwamitin da ke ɗaukar nauyin tashar. Akwai wurin da za a rubuta dalilin asarar. In na rubuta sakacin ma'aikaci, ka san ba za a sabunta maka aiki ba, kuma takardar za ta bi ka duk tashar da ka nema. In zan rubuta tsuntsu, sai da shaida: wani ma'aikacin tashar ya gani da idonsa ya sa hannu. Na'urar hoto ta tafi gyara tun Janairu ba ta dawo ba. Ni kuma ba ni da mai zama da tsohuwa.

Na gaji, Olman. Wataƙila ka ji haka a rubutun. Ka gaida mahaifiyarka.

Dakta Marielos Quirós

*

Playas del Coco, 6 ga Mayu

Olman, Damo sarkin haƙuri,

Ina gaisuwa. Ya zafi, ya ƙwari, ya iyayen gidanka masu fukafukai? Mu nan muna ta wankin zannuwan Turawa, hannuna ya zama kamar tafin agwagwa. Yara suna gaishe da kawunsu. Greivin ya ce har yanzu yana jiran ƙwaron da ka yi masa alkawari a kwalba.

Mama ta aiko mini da labari. Ta ce ka daina cin abinci, kana fita tun duhu kana dawowa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ta ce wai an ce ka sha giya a biki. Kai? Da na ji sai da na zauna a kan kwandon wanki don dariya. Mutumin da ya wuni yana riƙe wa Mama tiren abinci, da bijimi ya yar da ɗan Obando kowa na ihu, kai kana kallon wani ƙwaro a jikin katanga? Wannan Fulvio da tumbinsa, in ya rasa wanda ya sha giya ranar ya duba madubi.

To amma saurara, ƙanina. Shekara shida kana gadin ƙasa. Sa'anninka sun yi aure, wasu sun yi gini, kai kana zaune gindin itace kana jiran ƙwaro ya yi maka sallama. Yanzu ga sakayyar. Ba na zagin Daktar, ta yi maka kirki, amma in ruwa ya ci gari ita tana da jami'a, kai me kake da shi? Jaka da fensir.

Otal ɗinmu na neman mai kula da lambu. Na yi wa shugabar ma'aikata magana, na ce ina da ƙane wanda ya san sunan kowane ganye, ba ya sha, ba ya surutu, in an ajiye shi wuri sai an dawo an ɗauke shi. Ta ce ka zo ranar Talata 21 ga wata, ƙarfe takwas na safe. Mutum uku ne ke nema, wanda bai zo ba ya fita. Akwai ɗaki, akwai abinci sau biyu. Ka taho tun Litinin ka kwana wurinmu, ka aske wannan gemun, ka sa farar rigar nan taka ta zuwa biki.

Ka bar su da tsuntsayensu. Wanda ya san ka ya san ka, wanda bai san ka ba ba rantsuwarka za ta sanar da shi ba.

Ka gaida Mama, ka ce maganin hawan jinin yana tafe da direba. Ka ci abinci.

Yayarka,
Yorleny

*

Quebrada Seca, 10 ga Mayu

Yaya Yorleny,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da maigida da yara. Maganin Mama ya iso. Na gode da maganar aikin, Allah ya saka. Ina ci, kada ki damu.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ke zan fara gaya wa.

Dakta ta ce tsuntsu ba ya kwance waya. Gaskiyarta. Amma ranar babu waya a ƙofofin nan.

Kin tuna Nils, ɗalibin nan Bature da ke binciken wayon urraka, wanda rana ta dafa kamar jatan lande? Ni na yi masa aiki shekara biyu kafin ya koma ƙasarsu. Mun ƙera ƙananan akwatuna masu ƙyaure, a sa cuku ciki, a rufe da 'yar sakatar katako mai jan fenti. Ana so a ga ko tsuntsu zai koyi zare sakata, kuma ko 'yan'uwansa za su koya daga gare shi. Ni na sassaƙa sakatun, ni na shafa musu fenti, ni na zauna wata huɗu ina koya wa Magajiya, tun tana tsoron akwatin har ta kai tana zarewa kafin in juya baya. Da Nils ya tafi aka ƙone akwatunan, sakatun suka rage rabin buhu a ɗakin ajiya.

Bara da damina wayar ƙofofin kejin ta yi tsatsa ta fara karyewa. Na rubuta a aiko da sabuwa, ba a aiko ba. Na ga ga buhu a ajiye, kuma daidai suke shiga ramin ƙofar kamar don ita aka yi su. Sai na sa. Har ina jin daɗi na yi dabara, ban wahalar da kowa ba. Shekara uku da tafiyar Nils, Yaya. Ni na manta abin da jar sakata take nufi, ita ba ta manta ba. Duk bara ba ta taɓa su ba, don babu komai a ciki. Ranar da ta hangi abinci ta bayan raga, ta ga ja a ƙofa, ai karatun da na koya mata ta biya mini.

Da na rubuta wa Dakta, na ce ta buɗe ƙofar, na tsaya nan. Hannuna ya ƙi rubuta sauran. Na zare sakatun na ɓoye a jakata kafin Don Fulvio ya zo dubawa. Yanzu ga ni tsakanin biyu. In na yi shiru, ni mashayi ne maƙaryaci. In na faɗa, ni ne wawan da ya ba ɓarawo mabuɗi. Na farkon ƙage ne, na biyun gaskiya ne, amma na biyun ya fi mini nauyi a baki.

Na gwada neman shaida. Da asuba nakan tsinci cicara masu taushi a jikin gwapinol, na waje, in zuba a keji na huɗu, in sa jar sakata. In ni kaɗai ne, kafin in ƙirga ɗari ta zare. Sau huɗu ke nan. Shekaranjiya na lallaɓa Don Fulvio ya biyo ni. Tun yana bakin rafi suka gan shi. Kin san shi ke harbinsu da danƙo in sun zo satar cuku a madafa. Suka taru a kansa suna zagi, ɗaya ta yi masa kashi a hula, ko kallon kejin ba su yi ba. Muka tsaya awa biyu.

Ya ce, "To, malamin tsuntsaye, yau ɗalibar taka ba ta zo makaranta ba ne?"

Na ce ta san fuskarsa ne. Ya ce shekararsa hamsin a dajin nan bai taɓa jin tsuntsun da ke riƙe mutum a zuci ba, sai dai surukarsa.

Jiya na ara masa hulata da rigata. Ba su ruɗu ba. Na gina bukkar ganye, muka shiga mu biyu, na fito ni kaɗai na tafi. Magajiya ta sauka a kan bukkar tana leƙa shi ta kafa tana ihu har ya fito yana ashar. Ya ce ya gama, ba zai ƙara ɓata safiyarsa ba.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. In ruwa ya zauna, cicara sun daina fitowa, sai baɗi.

Maganar Talata, ina sane. Ki gaida Greivin, ki ce ƙwaronsa na nan tafe.

Ƙaninki,
Olman

*

Playas del Coco, 13 ga Mayu

Damo,

Gaisuwa. Na karanta a ɗakin guga, har na kusa ƙone rigar wani.

Kai dai Allah ya shirye ka. Wata huɗu kana koya wa tsuntsu sata, sannan ka kai shi bakin rumbu. To tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma ban taɓa jin Baba ya ɓoye ɓarnar da ya yi ba, ko ranar da ya bar shanun mutane suka shiga gonar masara, da ƙafarsa ya je ya faɗa. Ka rubuta wa matar nan yau. Ka faɗa mata duka, ka wanke hannunka, sannan ka hau bas ranar Litinin.

Shi kuwa Fulvio, ka bar wa Doña Chepa shi. Ita ta goya shi, kuma ita ke riƙe da tukunyar kofi.

Talata, ƙarfe takwas. Na riga na sa baki, kada ka kunyata ni.

Yayarka,
Yorleny

*

Quebrada Seca, 15 ga Mayu

Zuwa ga Dakta Marielos Quirós,

Ranki ya daɗe, gaisuwa tare da ladabi. Ina fata tsohuwa ta sami sauƙi. Yau ranar San Isidro, waliyyin manoma, an zaga da shanu an yi musu addu'a, kuma an yi yayyafin farko da la'asar.

Dakta, takardata ta farko ba ƙarya a cikinta, amma ba ta cika ba. A cikin ambulan ɗin nan akwai 'yar sakatar katako mai jan fenti. Za ki gane ta, irin ta akwatunan Nils ce. Ita ce a ƙofofin kejin tun watan Yulin bara, ba wayarki ba. Wayar ta ruɓe, ni na canza da hannuna, ban tambaye ki ba, ban rubuta a littafi ba. Bayan abin ya faru na zare su na ɓoye. Ki duba kan sakatar, za ki ga sawun baki, tsoho da sabo.

Ban bar ƙofa a buɗe ba, ban sha komai ba. Amma ni na koya wa Magajiya zare wannan abu, ni kuma na kai shi inda bai kamata ba. In za ki rubuta laifina, wannan ne laifin. Shi nake roƙon a rubuta, ba wancan ba.

Akwai abu ɗaya da wataƙila zai yi amfani. Na shiga kejin tara na share ganye na ƙirga ramukan da suka fito ta ciki, kowane kamar faɗin babban yatsa. Ɗari da talatin da ɗaya, duk a cikin kwanon da muka binne. Ɓawon da na tara ɗari da ashirin da takwas. Na waje zai iya hawa ya shiga ta ƙofa, amma ba zai haƙa rami daga ƙasa ba. Na zana wurin kowane rami a takarda, ga ta nan. Ban sani ba ko masu duba aiki za su karɓa.

Ukun da ke inuwa har yanzu shiru. Na ɗaure su da waya daga kejin kajin Mama.

Maganar shaida. Doña Chepa ta ce wa Don Fulvio mutumin da zai iya ɗaga waya ya ɓata sunan ɗan mutane zai iya zama ya ga ƙarshen zancen, in ba haka ba ya koyi dafa kofinsa. Ya yi kwana biyu yana shan ruwan zafi, sannan ya yarda da safiya uku: Lahadi, Litinin da Talata. Akwai tsohon duro na ruwa da ya daɗe kusa da kejin, tsuntsayen sun saba da shi. Na huda shi. Zai shiga tun suna barci.

Allah ya ƙara girma.

Naki mai biyayya,
Olman Matarrita

*

San José, 18 ga Mayu

Olman,

Gaisuwa. Sakatar tana kan teburina.

Na yi fushi. Wuni guda na yi ina fushi, ba don canjin ba, don kwana goma sha takwas da ka bar ni ina lissafi da wayar da ba ta nan. Sannan na buɗe aljihun tebur ina neman wani abu, na ga takardarka ta watan Yunin bara. Layi uku ne: a aiko da waya, tsohuwar ta ruɓe. Na rubuta a bayanta da hannuna, "mako mai zuwa." Watan da aka kwantar da tsohuwa asibiti ke nan. Wannan ma zai shiga rahoton.

Taswirar ramukan aiki ne mai kyau. Ban yi tunaninsa ba. Ba zai gaya mana iri ba, amma zai gaya mana shekaru.

Sai dai kada in yaudare ka. Maganar Don Fulvio ta riga ta kai kunnen kwamiti, ba ni kaɗai ya kira ba. Sakata mai sawun baki ba ta ture maganar mai kula da tasha ba, za su ce tsohon sawu ne na zamanin Nils. Na rubuta shafin dalilin asarar iri biyu, suna gabana. Zan jira bas har ranar Alhamis 23. Abin da ya kawo shi zan miƙa.

Tsuntsuwar da ta riƙe darasi shekara uku. Da ina da sauran ƙarfi, da wannan zan bi.

Ka gaida Doña Chepa.

Dakta Marielos Quirós

*

Quebrada Seca, Talata 21 ga Mayu

Zuwa ga Dakta Marielos Quirós,

Ranki ya daɗe, gaisuwa tare da ladabi. Direba na jira, zan taƙaita.

Lahadi an wuni ana ruwa, tsuntsaye ba su sauko ba. Litinin Don Fulvio ya yi tari a cikin duro, suka watse. Jiya da rana bas ɗin bakin teku ya tsaya a ƙofar gidanmu, Mama ta riga ta goge mini farar riga, yayata ta samo mini wani aiki da za a gan ni yau ƙarfe takwas. Bas ɗin ya yi oda sau biyu ya wuce, ban shiga ba.

Yau da asuba na zaga gwapinol bakwai, cicara huɗu kacal na samu, lokacinsu ya ƙare. Na zuba a keji na huɗu, na sa sakata, na zauna inda na saba. Shida ta yi, bakwai ta yi. Bakwai da rabi suka zo. Magajiya ta sauka a kan kejin, ta duba sakatar, ta duba ni, sai ta koma reshe ta hau gyaran fiffike. Na ce a raina shi ke nan.

Sai ɗaya daga cikin ƙananan ta sauka, marar zobe, ƙyanƙyasar bara, wadda ba ta taɓa ganin Nils ko akwatinsa ba. Ta ja sakatar ta sama, ta ƙi. Ta ja ta ƙasa, ta ƙi. Magajiya ta sauko, ta ture ta, ta kama kan sakatar ta ja gefe har rabi, ta saki, ta matsa. Ƙaramar ta ƙarasa. Ƙarfe takwas saura minti shida ƙofar ta buɗe.

Don Fulvio ya fito daga duro da ƙyar, tururuwa sun cinye masa ƙafafu. Bai dube ni ba. Ya ce, "Kawo takardar." Ya sa hannu a kan gwiwarsa, ya ce a gaya miki zai kira kwamiti da kansa. Ga takardar nan haɗe.

Ukun inuwa shiru. Wataƙila sai baɗi. In an bar ni zan jira su. Ban rubuta wa yayata ba tukuna, ban san ta inda zan fara ba.

Waɗanda suka gani ban da ni: Don Fulvio Chavarría, mai kula da tasha, daga cikin duro. Doña Josefa Briceño, wato Chepa, da ta tsaya bakin rafi da butar kofi, ba ta iya rubutu ba, ta dangwala yatsa. Sai ƙananan urraka biyu da suka rage a reshe, ba su sa hannu ba, amma duk cikinmu babu wanda ya kai su zuba ido.

Allah ya ƙara girma.

Naki mai biyayya,
Olman Matarrita